Yadda ake doguwar tafiya a ajin farko da mil ɗin jirgi: jagora ga mazauna Saudiyya

Mazaunin Jidda, Makka, Madina ko Riyad da ke hawa jirgi sau uku ko huɗu a shekara, ko yake biyan cefane, man mota da kuɗin makarantar yara da katin banki, yana iya tara mil ɗin da zai zaunar da shi a ajin farko na jirgi mai tafiyar awa bakwai zuwa goma sha biyar. Mil shi ne makin da kamfanin jirgi ke rubuta wa abokin hulɗarsa, wanda daga baya ake canza shi da tikiti. Yawancin 'yan'uwanmu suna da asusun, amma makin yana ƙarewa a tikitin Jidda zuwa Riyad, ko ya lalace ba a taɓa shi ba.

Abin da ya fi wahalar samu a wannan harka shi ne kujerar. Mil ana tara shi, har saye ana yi, amma kujerun ajin farko da kamfani ke sakewa ga masu mil ƙalilan ne, wani jirgin ɗaya, wani biyu, wani babu ko ɗaya. Saboda haka aikin daga ƙarshe ake faro shi: ka san inda za ka, ka san jirgin da ke da ajin, ka san shirin da ke da ikon ba ka kujerar, sannan ka tara mil a wannan shirin.

Fara da sanin jirgin da ke da ajin farko

Kamfanoni da yawa sun daina ajin farko, sun tsaya a ajin 'yan kasuwa. Ethiopian, EgyptAir da Turkish Airlines, waɗanda mutanenmu suka fi bi zuwa Kano, Abuja da Yamai, duk aji biyu gare su. Wanda ya tara mil a wurinsu da niyyar ajin farko a jirginsu ya tara don abin da babu.

Daga Saudiyya, zaɓin da ke hannu huɗu ne. Saudia na da ajin farko a wasu daga cikin jiragenta ƙirar Boeing 777-300ER, ba dukansu ba, kuma ƙirar 787 ba ta da shi. Emirates ce ta fi kowa yawansa: ɗakuna 14 a saman benen A380, da ɗakuna 8 ko 6 a 777, kuma tana kawo A380 har Jidda. Etihad na da shi a A380 da wasu 787-9 daga Abu Dhabi. Qatar Airways kuwa, a dogon zango yawanci a A380 ake samunsa, kujeru 8. Qsuite na Qatar da ake yawan yabo ajin 'yan kasuwa ne, duk da ƙofar da ke gare shi.

Ga mai zuwa gida Najeriya, hanyar da ke da ajin farko ita ce Emirates daga Dubai zuwa Legas, wadda kamfanin ya dawo da ita ranar 1 ga Oktoban 2024 bayan dakatarwar kusan shekara biyu. Daga Legas sai ka nemi jirgin cikin gida zuwa Kano ko Sakkwato da tikiti daban, ka kuma bar tazara mai yawa tsakanin sauka da tashi, domin idan na farko ya makara na biyu ba ruwansa.

Akwai wani abu game da Qatar da ke ruɗa mutane. A gajerun zangonta na yankin Gulf, kamar Jidda ko Riyad zuwa Doha, kujerun gaba sunansu ajin farko a tikiti, ko da yake kujerar ta 'yan kasuwa ce. Sai mutum ya ga an rubuta ajin farko a sakamakon bincike, ya biya mil, ashe ɗan gajeren zangon ne kawai ke da sunan, dogon zangon kuma na 'yan kasuwa ne. Amfaninsa ɗaya: mai tashi daga Doha zuwa Jidda da irin wannan tikiti yana shiga falon Al Safwa, falon jira na ajin farko a filin jirgin Hamad.

Ƙofofin da ke rufe

Kafin ka zuba ƙarfinka a wani shiri, duba ko yana barin irinka ya yanki kujerar. Tun watan Mayun 2025, Emirates ta taƙaita yankar tikitin ajin farko da mil ɗin shirinta na Skywards ga masu matsayin Silver, Gold da Platinum. Mai katin Blue, wato matakin farko, ko da mil dubu ɗari biyar gare shi, shafin ba zai ba shi ba. Ana samun Silver da mil ɗin matsayi 25,000 ko tashi 25. A shekarar dai kamfanin ya hana yara 'yan shekara takwas zuwa ƙasa shiga ajin farko da mil, magidanci mai niyyar tafiya da iyali ya san da wannan tun wuri.

Saudia tana cikin ƙawancen SkyTeam tun 2012, wato mil ɗin shirinta na AlFursan na aiki a jiragen abokanta, irin su Air France. Sai dai ajin farko na Air France, La Première, ba a buɗe shi ga abokan ƙawance ba, manyan membobin shirinta na Flying Blue kaɗai ke samunsa da mil. SWISS ma ta keɓe nata ga manyan membobin shirin Miles & More. Lufthansa tana sakin kujerun ajin farko ga shirye-shiryen abokanta ne a 'yan kwanakin ƙarshe kafin tashi, abin da bai dace da mai buƙatar izinin kafil da bizar fita ba.

A lura kuma da bambancin mil iri biyu da ke cikin asusu ɗaya. Mil ɗin matsayi shi ke ɗaga ka daga Blue zuwa Silver ko Gold, ba a kashe shi. Mil ɗin lada shi ake canzawa da tikiti. Adadin da za ka duba wajen lissafi na biyun ne.

Yi lissafi da riyal

Tikitin mil ba kyauta ba ne. Akwai harajin filayen jirgi, akwai kuma ƙarin caji da kamfani ke ɗorawa da kansa, kuma a ajin farko wannan cajin kan yi nauyi. Emirates da British Airways sun yi suna wajen tsadarsa. Mai tasowa daga Ingila kuma zai biya harajin fasinja na gwamnatin ƙasar, wanda a manyan azuzuwa na dogon zango ya haura fam 200 kan mutum ɗaya.

Ga yadda ake auna ko cinikin ya yi. Ɗauki farashin tikitin da tsabar kuɗi, cire abin da za ka biya na haraji da caji a tikitin mil, ka raba saura da yawan mil. A ce, don misali kawai, tikitin zuwa na ajin farko riyal 22,000 ne, da mil kuma 120,000 da cajin riyal 2,500. An rage maka riyal 19,500 ke nan, kowane mil ya tsaya maka a kan halala 16. Kwatanta da tikitin ajin gama-gari na riyal 2,400 da aka nemi mil 40,000 da cajin riyal 700: kowane mil halala 4 da ɗoriya. Wannan ratar ita ce dalilin da masu sanin harkar ke ajiye mil ɗinsu don manyan azuzuwa.

Amma a faɗi gaskiya, lissafin yana da wata fuska. Idan da can ba za ka taɓa biyan riyal 22,000 a tikiti ba, ba riyal 19,500 ka adana ba. Abin da ya fita daga aljihunka riyal 2,500 ne, kusan kuɗin tikitin gama-gari, kuma wannan mil ɗin zai iya kai mutum uku gida a kujerun baya. Magidancin da hutun iyalinsa ya dogara da mil ɗin ya fara da su. Ajin farko ya fi dacewa da tafiyar mutum ɗaya ko biyu, ko dattijon da zaman awa goma sha huɗu a matsattsiyar kujera zai jigata shi. A ra'ayinmu, kai mahaifi ko mahaifiya asibiti ko gida a kwance, cikin ɗakinsu, yana cikin mafi kyawun abin da za a yi da mil.

Tarawa

Buɗe asusu kyauta ne a AlFursan na Saudia, Skywards na Emirates, Privilege Club na Qatar da Etihad Guest. Buɗe su duka ba laifi, amma tarawa a wuri ɗaya ake yi. Mil 30,000 a wurare huɗu ba ya kai ka ko'ina, 120,000 a wuri ɗaya yana kai ka. Idan za ka hau jirgin abokin ƙawance, ka ba da lambar shirin da kake tarawa a ciki, alal misali lambar AlFursan a jirgin Kenya Airways ko KLM, lambar Privilege Club a jirgin Royal Jordanian ko British Airways, tunda su biyun da Qatar 'yan ƙawancen oneworld ne.

Wajen buɗe asusun, rubuta sunanka harafi da harafi yadda yake a fasfo. Wannan ƙaramin abu shi ya fi cin mutanenmu. Fasfo ya ce Muhammad, igama ta juyo sunan daga Larabci ta ce Mohammed, banki ya ɗauki na igama, sai ranar tura maki na'ura ta ƙi saboda sunaye biyun ba su yi daidai ba. Gyaran yakan ɗauki kwanaki, a yi shi yanzu da babu gaggawa.

Hawa jirgi kaɗai ba ya tara mil da sauri, musamman ga mai sayen tikiti mafi arha, domin kason mil da ake bayarwa yana bin nau'in farashin da aka biya. Babbar hanya a Saudiyya ita ce katin banki. Al Rajhi, Al Ahli, SAB da bankin Riyad duk suna da katunan da aka haɗa da AlFursan, American Express na Saudiyya ma yana da maki da ake turawa zuwa kamfanonin jirgi. Makin Qitaf na stc ana iya mayar da shi mil ɗin AlFursan. Mai yawan kwana a otal-otal ɗin Marriott, waɗanda ke da rassa a Makka da Madina, yana iya tura makin shirinsu na Bonvoy a kan maki uku ga mil ɗaya, kuma duk maki 60,000 da aka tura a dunƙule ana ƙara mil 5,000, wato ya zama 25,000. Don haka a tura shi a ninkin 60,000, kada a gutsuttsura.

Ka ƙiyasta lokacin da za ka ɗauka. A ce katinka na ba da mil ɗaya kan kowane riyal 4, kana kashe riyal 8,000 a wata. Mil 2,000 ke nan a wata, 24,000 a shekara, shekara biyar kafin a kai 120,000, alhali mil ɗin AlFursan da na Skywards kimanin shekara uku suke yi su lalace. Da cefane kaɗai ba za a kai ba. Abin da ke cike giɓin shi ne kyautar buɗe kati da bankuna ke bayarwa idan an kashe wani adadi a watannin farko, manyan biye-biye kamar kuɗin makaranta da haya inda ake karɓar kati, tikitin tafiye-tafiyen aiki, da asusun iyali. My Family na Emirates yana haɗa mil ɗin mutum takwas a tukunya ɗaya, Saudia da Qatar ma suna da irinsa. Ɗan kasuwar da ke sarin kaya da kati ya fi kowa saurin kaiwa.

Katin bashi yana da sharaɗi: a biya duk abin da aka ci kafin wa'adi, kowane wata. Ribar da banki ke ɗorawa a kan bashin da ya kwana ta fi ƙarfin duk wani mil, jinkiri kuma yana shiga rajistar SIMAH, mai adana tarihin bashin mutane, ya ɓata wa mutum suna wajen neman gida ko mota. Game da hukuncin katin a shari'a, bankunan nan suna da kwamitocin malamai kuma tsarin katunan ya bambanta. Karanta yarjejeniyar, ka kai wa malamin da ka yarda da shi kafin ka sa hannu.

Sauran wa'adin lalacewa: Avios, makin da Qatar ta koma amfani da shi a 2022, yana nan muddin asusun ya motsa cikin wata 36, kuma ana juya shi ɗaya ga ɗaya tsakanin Qatar, British Airways, Iberia da Finnair. Na Etihad wata 18 ne. Bayan kowace tafiya ka duba ko mil ya shiga, ka ajiye katin shiga jirgi har sai ya shiga, domin neman wanda aka tsallake yana da iyaka, yawanci wata shida.

Neman kujera

A nan haƙuri ke aiki. Kamfanoni suna buɗe jadawalinsu kimanin wata goma sha ɗaya zuwa shekara kafin tashi, kuma lokuta biyu ne kujerun mil suka fi fitowa: farkon buɗe jadawalin, da makonni biyu na ƙarshe, lokacin da kamfani ya ga ɗakin ba zai sayu da kuɗi ba. Tsakanin nan sai sa'a.

Shiga asusunka a shafin kamfanin ko manhajarsa, zaɓi biya da mil, ka nemi tafiyar zuwa kaɗai, mutum ɗaya. Idan ka sa zuwa da dawowa tare, rashin kujera a ɓangare ɗaya zai ɓoye maka wadda ke akwai a ɗayan. Idan ka sa mutum biyu kuma kujera ɗaya ce, shafin zai ce babu. Ka fara ganin ɗayar, sannan ka ƙara.

Fara binciken da dogon zangon. Mai son Jidda zuwa Landan ta Dubai ya fara neman Dubai zuwa Landan, ya rubuta ranaku da lambobin jiragen da ke da kujera, sannan ya nemi Jidda zuwa Dubai da zai haɗu da su. Daga nan sai ya gwada neman tafiyar a haɗe. Wani lokaci kujerar da ta bayyana a zango ɗaya takan ɓace idan aka haɗa, wani lokaci kuma akasin haka, saboda kamfanoni suna sakin kujera ne bisa inda tafiya ta faro da inda ta ƙare. Shi ya sa yana da kyau a gwada tashi daga Riyad, Dammam ko Madina idan Jidda ta ƙi. Jirgin ƙasa na Haramain yana da tasha a cikin filin jirgin Sarki Abdul'aziz, saboda haka tsakanin Jidda da Madina sauya wurin tashi ba wani babban aiki ba ne.

Duba farashin da kyau. Yawancin shirye-shirye suna da farashi biyu ko fiye a kujera ɗaya: mai rahusa wanda kujerunsa ƙalilan ne, da mai tsada wanda kan ninka shi. Kada ganin cewa akwai kujera ya sa ka danna kafin ka tabbatar wanne ne aka nuna maka. Buɗe bayanin kowane zango ka karanta ajinsa da ƙirar jirginsa. Sannan ka kalli taswirar kujeru: idan babu sashen ajin farko a taswirar, babu shi a jirgin, ko me aka rubuta a sama.

Lokacin tafiya yana da tasiri sosai a nan ƙasar. Hutun bazara na makarantu daga Yuni zuwa Agusta, goman ƙarshe na Ramadan, sallah ƙarama da babba, da kwanakin shigowa da fitar alhazai, duk lokutan cikar jirage ne. Ranakun tsakiyar mako sun fi daren Alhamis da Asabar sauƙi. Wanda zai iya matsar da tafiyarsa kwana biyu gaba ko baya ya ninka damarsa. Idan hutunka a ɗaure yake da rana guda, yanki ajin 'yan kasuwa da mil ka riƙe, ka ci gaba da leƙawa, in ajin farko ya buɗe ka biya bambanci da kuɗin canji.

Akwai kujerar da ke bayyana a shafi alhali babu ita. Hakan ya fi faruwa idan kana neman jirgin wani kamfani ta shafin abokinsa, bayanan ba su sabunta ba. Alamarta ita ce ka bi matakai har wajen biya sai shafin ya ce an samu matsala. Maganinta, ka duba kujerar a shafi na biyu na wani abokin ƙawancen, ko ka kira layin shirin ka ba ma'aikaci rana da lambar jirgi, ka ce ya tabbatar yana ganinta a na'urarsa.

Tura maki da yankar tikiti

Makin banki ko na otal, da zarar ya koma mil, ba ya dawowa. Saboda haka tsarin shi ne: ka ga kujera, ka tabbatar da ita, sannan ka tura. Matsalar ita ce turawar ba nan take take shiga kullum ba, wata tana ɗaukar mintuna, wata kwanaki, kuma kujerar ba ta jiran kowa. Dabarar ita ce tun da wuri ka gwada tura mafi ƙarancin adadin da aka yarda, ka ga kwana nawa ya ɗauka, ka kuma tabbatar asusun biyu sun haɗu lafiya. Idan ka kira kamfanin, tambayi ko za su riƙe maka kujerar na ɗan lokaci. Wasu suna yi, wasu ba sa yi, tambayar ba ta cin komai.

Idan mil ya gaza da kaɗan, ana saye kai tsaye daga kamfanin, kuma lokaci zuwa lokaci suna yin rangwame. Saye don cike giɓin 10,000 ko 15,000 yana da ma'ana idan kujerar na gabanka. Saye don ajiya ba shi da ita, domin kamfani na iya ƙara farashin tikitin mil ba tare da dogon gargaɗi ba. Abin da muke gargaɗi a kai da babbar murya shi ne dillalan da ke tallar tikitin ajin farko da rabin kuɗi a WhatsApp. Da mil ɗin wani suke yankawa, wani lokaci na asusun da aka sace. Sayar da mil ya saɓa ƙa'idar shirye-shiryen nan duka, kuma idan aka gano ana soke tikitin, ko da mutum yana tsakiyar tafiya. Yankar wa iyaye ko mata tikiti daga asusunka, wannan ƙa'ida ta yarda.

Kafin ka biya, karanta sharaɗin sokewa. Wasu shirye-shirye kuɗi kaɗan suke cira su mayar da mil, Etihad kuwa wani kaso na mil ɗin take riƙewa, kason yana ƙaruwa yayin da ranar tashi ke matsowa. Mai tafiya da jariri ya tambayi kuɗinsa tukuna, domin a wasu shirye-shirye kashi 10 cikin 100 na farashin tsabar kuɗi ake caji, kuma a ajin farko wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Bayan biya, lambar ajiya mai harafi shida ba ta isa ba. Nemi lambar tikiti mai lamba 13. Ta Saudia da 065 take farawa, ta Emirates 176, ta Qatar 157, ta Etihad 607. In babu ita, ba a yanki tikitin ba tukuna. Idan ta shafin abokin ƙawance ka yanka, shiga shafin kamfanin da zai ɗauke ka da lambar ajiyarsa, ka ga sunanka, ka zaɓi kujera.

Akwai hanya ta biyu ga wanda aikinsa ke saya masa tikitin 'yan kasuwa: ɗaga aji da mil. Mataki ɗaya ake ɗagawa, daga 'yan kasuwa zuwa na farko, kuma tikiti mafi arha, kamar nau'in Special na Emirates, ba ya ɗaguwa. Duba nau'in kafin a saya. Idan ba a samu ta intanet ba, a sake tambaya a kantar awon kaya ranar tafiya.

Takardu

Mai igama yana buƙatar bizar fita da dawowa, wadda ake fitarwa ta Absher ko Muqeem. Ta shiga ɗaya riyal 200 ce na wata biyu, da ƙarin riyal 100 kan kowane wata, kuma ba ta wuce wa'adin igamar. Tunda tikitin mil kan sa a yanka wata goma kafin tafiya, duba ranar ƙarewar igama da fasfo a ranar da kake yankawa. Ƙasashe da dama suna son fasfo ya rage aƙalla wata shida.

Bizar ratse ita ce tarkon masu fasfon Najeriya. Canza jirgi a filayen yankin Shengen, kamar Frankfurt ko Paris, yana buƙatar bizar ratse ko da ba za ka fita daga filin ba, sai in kana da abin da ke ɗauke maka ita, kamar bizar Amurka ko Kanada mai aiki. Ingila ma tana da irin wannan doka. Ratse ta Dubai, Doha ko Abu Dhabi a kan tikiti ɗaya, ba tare da fita gari ba, ya fi sauƙi, wannan ma wani dalili ne na fifita kamfanonin yankin.

Tsakanin yanka da tashi

Leƙa tikitinka sau ɗaya a wata, sannan kullum a makon ƙarshe. Abin da ya fi faruwa shi ne sauya jirgi: an sa A380 ko 777 mai ajin farko, sai a maye shi da mai aji biyu, a mayar da kai ajin 'yan kasuwa. Kada ka danna amincewa da sauyin a saƙon da aka turo maka kafin ka kira. Nemi a mayar da kai wani jirgin mai ajin farko a ranar ko washegari, in babu, ka nemi a dawo maka da bambancin mil, ka ajiye tikitin asali a matsayin hujja. Idan kamfani ne ya sauya lokaci sosai, galibi kana da damar canji ko sokewa ba tare da tara ba.

Kada ka tsallake zangon farko. Wanda ya yanki Madina, Dubai, Landan, sannan ya ga ya fi masa sauƙi ya je Dubai da kansa, zai tarar an soke sauran tafiyar duka.

Ranar tafiya

Je filin jirgi da wuri, domin falon jira yana cikin abin da ka biya. Saudia tana da falon AlFursan a Tasha ta 1 a Jidda. A Dubai, falon ajin farko na sashen A ya mamaye tsawon ginin, daga cikinsa ake shiga jirgi. Motar da Emirates ke aikawa ta ɗauko fasinjan ajin farko ba ta cikin tikitin mil, ka shirya abin hawanka. Kaya a ajin farko na Emirates kilo 50 ne a yawancin hanyoyi, amma zuwa Afirka da Amurka jaka biyu ake ƙirgawa, kowace kilo 32, kuma jaka ɗaya ba ta wuce 32 ko a wane aji.

Abincin Saudia, Emirates, Qatar da Etihad halal ne. Saudia ba ta raba giya, sauran ukun suna rabawa, ka gaya wa ma'aikaciya tun farkon zama cewa ba ka sha, ba za a sake kawo maka ba. A jirgin Turai ko na gabashin Asiya, nemi abincin Musulmi ta shafin ajiyarka aƙalla kwana biyu kafin tashi. Manyan jiragen Saudia suna da wurin salla a baya, a sauran kuma allon kujera yana nuna alƙibla a yawancin jiragen yankin.

Abinci a ajin farko lokacin da ka so ake kawo shi, saboda haka a jirgin dare ka ci a falo, ka nemi a shimfiɗa maka gado da zarar an kashe alamar ɗamara, ka bar babban cin zuwa farkawa. A A380 na Emirates akwai banɗakin wanka biyu ga mutum 14, ruwan minti biyar ne ga kowa, kuma kowa kusa da sauka yake so, ka kama lokacinka tun kafin jirgi ya tashi. Mai dawowa Jidda da niyyar umra ya tuna cewa zangon Dubai ko Doha zuwa Jidda gajere ne: ya yi wanka ya ɗaura harami a falon jira, ya ajiye mayafin a jakar hannu, in an sanar da kusantar miƙati sai ya ƙulla niyya.